Ni Da Babban Ƙaho, Da Shekarar Da Bakina Ya Ƙi Ni

A unguwar Nima ta birnin Akra, a Ghana, aka haife ni, a 1970, a wani gidan haya da ba shi da nisa da babbar kwata. Mahaifina malamin allo ne, yana kuma ɗan taɓa cinikin goro. Kakana na wajen uwa tsohon soja ne. Yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu, kuma aikinsa a bataliya busa bigila. Ita bigilar ya dawo da ita gida, duk ta lotse, yana ajiye ta a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado tare da lambobinsa.

Mutanen zango kan yi mamaki idan suka ga Bahaushe rungume da ƙahon badujala, sai ka ce abin na Fante ne da Ewe kaɗai. Kakana kuwa dariya yake yi. Yakan ce tun kafin a haifi uban kowa a unguwar nan Hausawa ke busa wa Bature fareti. Gaskiyarsa ne. Rundunar da Turawa suka kafa a wannan ƙasa a 1879 Hausawa ne ƙashin bayanta, kuma an daɗe Hausa ce harshen bariki. Sai dai abin da aka yarda soja ya yi a bariki ba shi aka yarda ɗan malam ya yi a cikin unguwa ba. A wajen mahaifina mabushi da makaɗi da maroƙi duk layi ɗaya suke.

Yunwa ce ta kai ni ga ƙaho, ba sha'awa ba. Wanda ya ga 1983 a Ghana ba ya mantawa: fari, gobarar daji, ga 'yan ƙasa kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya sun dawo babu abin da za a ba su. A makarantar midil da nake zuwa akwai wani malami Ewe mai kula da ƙungiyar busa, kuma labari ya bazu cewa duk yaron da ya tsaya gwaji bayan an tashi yana samun ƙullin dokunu da ɗan kifi. Ko daga ina yake samo su, Allah kaɗai ya sani. Na je. Tirampet duk an rabe su, domin kowane yaro ita yake so, ita ce mai ƙara, ita 'yan mata ke kallo. Abin da ya rage a kusurwa wani ƙaho ne mai kumburin ciki, bawul ɗinsa ɗaya, wato maɓallin da ake dannawa da yatsa, ɗaure da roba. Malamin ya dube ni, ya ga na fi sauran tsawo, ya ce in ɗauka. Sunansa yufoniyam, mu dai yufo muke ce masa.

Ranar da na fara samun sauti mai kyau daga cikinsa, a ƙirjina na ji shi kafin kunne. Murya ce irin ta namiji mai taushin magana, ba ta tsawa, ba ta kuma ɓuya. Dokunu ya ƙare bayan an samu damina, yara da yawa suka watse, ni na zauna.

Shekara biyu ina ɓoyewa kafin mahaifina ya sani. Wani abokin cinikinsa ne ya gan ni a jerin 'yan makaranta ranar faretin 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Ghana. Da na dawo bai doke ni ba, da ma ya doke ni ya fi sauƙi. Ya ce, "Na ji an ce ɗana ya zama ɗan busa. Allon ne bai ishe ka ba?" Na ce, "Baba, ban bar allo ba." Ya ce, "Za ka bari." Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba har tsawon shekaru, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo. Mahaifiyata, Mma, ita ce take rufa mini asiri, tana cewa ta aike ni Mamobi alhali ina wurin gwaji. Kakana kuma, a ɗakinsa, yakan sa in ɗora leɓe a bigilarsa ya gyara mini tsayuwa da sandarsa.

A 1991 na shiga ƙungiyar badujala ta ɗaya daga cikin rundunonin gwamnati. Ba zan faɗi wacce ba, don akwai abubuwan da zan ambata da ba na so a ɗora wa kowa. A can ne banmasta, wato shugaban ƙungiyar, ya ce yufo suna da masu busawa, tuba ce babu. Ita ce babbar yayar duk ƙahonin tagulla, mu a bariki bas muke kiranta. Wani shugaban makaɗan soja da wani maƙerin kayan busa ne suka yi mata rajista a Balin ta Jamus a 1835, yufo kuma ya biyo bayanta da 'yan shekaru. Bututun babbar tuba, in za a warware shi, ya kai ƙafa 18, na yufo rabin haka, shi ya sa muryarta ta fi tasa zurfi. Nauyinta kan kai kilo goma ko fiye, kuma da ita a kafaɗa ake tafiyar fareti. Ƙahon kansa ba ya yin sauti. Leɓen mutum ne ke karkarwa a cikin ɗan kofin ƙarfen da ke bakinsa, bututun ya ɗauka ya girmama. Ku riƙe wannan, domin duk abin da ya same ni daga baya a kansa ya rataya.

Mai tuba a layin baya yake tsayawa. Ba a ɗaukar hotonsa, ba a masa liƙi. Amma in ya yi kuskure kowa sai ya ji ƙafarsa ta rikice, ko bai san dalili ba, domin shi da babban ganga ne ke riƙe da takun mutum ɗari. Na so wannan matsayi fiye da yadda zan iya bayyanawa. Faretin 6 ga Maris na 1993 cikin azumi ya faɗo, watanni biyu bayan an rantsar da gwamnatin jamhuriya ta huɗu. Muna tsaye a Dandalin 'Yanci tun hantsi bai yi ba, iskar teku na kaɗawa amma maƙogwaro kamar an zuba toka, ga tuba ba ta san azumi ba, iska take ci ba ƙaƙƙautawa. Abokan aikina Kiristoci suka ce in sha ruwa Allah zai gane. Ban sha ba. Da muka busa taken ƙasa, wanda Philip Gbeho ya tsara, na ji ƙasan filin na amsa muryar ƙahona, na ce a raina ko Baba bai zo ba, ni dai na san ba wasa nake yi ba.

Albashi ba ya isa, wannan ba sirri ba ne. Abin da ke riƙe da ɗan badujala a Akra shi ne ranar Asabar. Mu Musulmi muna binne mamacinmu a ranar, ba kiɗa ba busa. Amma ƙabilun Ga da Ashanti da Fante da Ewe jana'iza a wajensu taro ne na kwana da kwanaki, kuma ba ta cika sai da ƙahoni: a rako gawa daga ɗakin ajiya, a kwana ana busa, a raka ta maƙabarta, a dawo da kiɗan hailaif. Na busa a Jamestown, na busa a Teshi, na je Swedru inda kusan kowane lungu ke da ƙungiyarsa, na je Winneba ranar 1 ga Janairu lokacin gasar masu shigar dodo. A irin waɗannan wurare yufo nake ɗauka, saboda shi ake ba waƙa ya rera shi kaɗai, kuma an san ni da shi. Da kuɗin Asabar na sayi nawa na kaina, tsohon yufo ƙirar Besson da aka shigo da shi daga Ingila, na biya kaɗan-kaɗan.

Wannan aikin ya sa gidan farko da na je neman aure suka mayar da goron. Gida na biyu suka karɓa, saboda kaki, ba saboda ƙaho ba. Mahaifina kuma ya kafa mini doka guda: in zan ba shi kuɗi, in tabbata daga albashi ne, kada in haɗa masa da na makoki. Sai na riƙa ware ambulan biyu. Har ya rasu a 2009 yana tambayata, "Wannan na wanne ne?" kuma har ya rasu bai taɓa jin busata ba. Ba zan ce mun shirya a kan wannan magana ba, don ba mu shirya ba. Ya yi mini addu'a a gadon ciwonsa kamar yadda ya yi wa sauran 'ya'yansa, shi ke nan.

A Janairun 2015 ne, cikin hunturu, abin ya zo. Da yamma na ji wani ciwo a bayan kunnen dama, shayi kuma ya yi mini ɗanɗanon ƙarfe. Na ɗauka sanyi ne. Da asuba na zo alwala, na ɗebi ruwa zan kurkure baki, sai ruwan ya zubo ta gefe ya jiƙa mini riga. Na sake, ya sake zubowa. Matata ta haska ni da tocila, don lokacin dumso ne, wuta ta fi zama a ɗauke. Ta ce, "Innalillahi. Baban yara, rufe idonka." Na rufe. Ta ce, "Na ce ka rufe." Na hagu ya rufu, na dama yana buɗe yana kallonta.

Kafin rana ta fito gidan ya cika. Gwaggona ta ce iska ce, aljani ne ya mare ni, tunda ina dawowa cikin dare daga wuraren gawa. Wani maƙwabci ya faɗa a tsakar gida, da murya daidai yadda zan ji, cewa bakin da ya sha busa wa mushirikai ai dole wata rana ya amsa tambaya. Aka kawo hayaƙi, aka kawo man habbatus sauda, aka aika a yi rubutu. Matata ba ta yi musu da kowa ba. Ta bar su suka gama turara ni, sannan ta ce, "Gwaggo, mun gode, rubutun ma zai sha. Amma yanzu asibiti za mu." Ta tsayar da tasi da kanta.

Likitar ta ce in ɗaga gira. Gefen hagu na goshina ya tattare, na dama ya tsaya sumul. Ta ce in ɗaga hannuwa, in matse yatsunta, in taka. Duk lafiya. Sai ta ce wannan ba shanyewar ɓarin jiki ba ce irin ta bugun jini, domin ita yawanci takan bar goshi yana motsi, ta kuma taɓa hannu ko ƙafa ko magana. Wannan jijiyar fuska ce. Tana fitowa daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wani matsattsen rami a ƙashin kunne, in ta kumbura a ciki sai ta shaƙe, saƙo ya daina isa ga naman fuska. Ciwon ana kiransa da sunan Charles Bell, likitan Sikotilan da ya yi bayanin jijiyar kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Ta ba ni ƙwayoyin sauke kumburi, ta ce amfaninsu ya fi yawa in an fara cikin kwana uku na farko, don haka matata ta kyauta. Ta ba ni maganin ɗigawa a ido, ta ce in riƙa manne fatar idon da filasta in zan kwanta, kada ya bushe ya samu rauni. Aka auna jinina aka ga suga ya hau, abin da ban sani ba, kuma masu suga sun fi kamuwa da wannan ciwo. Ta ce kusan bakwai cikin goma suna warkewa sarai.

Na ce, "Likita, ni da leɓe nake ci." Na gaya mata aikina. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce warkewar da za ta ishi mai shago ba lallai ta ishi mai busa ba, amma mu jira mu gani. Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

Rubutun na sha, ƙwayoyin na sha. Wanda ya tambaye ni wanne ya yi aiki, nakan ce Allah ne ya yi, amma kada ya bari kwana ukun nan su wuce shi yana zaune a gida.

A wurin aiki aka fara ba ni farantan ƙarfen nan na kiɗa in riƙa bugawa, don kada a ce ina zaune. Ban iya jurewa ba. Wannan jijiyar ita ke riƙe da wata 'yar tsoka da ke rage ƙarar sauti a cikin kunne, da ta mutu sai kowane bugu ya riƙa shiga kaina kamar ƙusa. Aka mayar da ni sito. Aikina in ƙirga ƙahoni, in sa wa bawul mai, in rubuta sunan wanda ya ɗauka da wanda ya dawo da shi. Mutumin da ya yi shekara fiye da ashirin a fili, yanzu ta taga yake jin fareti.

Asabar ta mutu. Masu kirana suka kira sau ɗaya su yi jaje, daga nan suka nemi wani, kuma ban ga laifinsu ba, gawa ba ta jiran bakin kowa ya warke. Amma akwai waɗanda muka kwana a mota ɗaya shekara da shekaru da ko gaisuwa ba su aiko ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Gidan ya koma kan tukunyar wake da shinkafa da matata ke sayarwa da safe a bakin titi. Ni da nake ba da kuɗin cefane na koma ana sa mini kuɗin trotro, wato motar haya, a aljihu ba tare da an ce komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba talaucin ba ne. Fuskar ce. In na yi dariya bakin ya gudu gefe ɗaya, yara su tsorata. In ina cin abinci miya ta zubo ban sani ba. Harafin "ba" da "ma" da "fa" suka gagare ni, har Fatiha sai na tallafe kumatu da hannu kafin ta fita daidai. Na daina zama a majalisar shayi, na koma sallar asuba a sahun ƙarshe in fita kafin a shafa. Da dare, in wuta ta ɗauke unguwa ta yi tsit, sai in ciro ɗan kofin ƙahon in ɗora a baki in hura. Ba abin da ke fita sai huci ta gefen dama. Na yi kuka a wannan ɗaki fiye da yadda na yi ranar da aka binne mahaifina, kuma maganar maƙwabcin nan tana dawo mini. Na san ba gaskiya ba ce, na ga limamai da wannan ciwo a layin asibiti, na ga yarinya 'yar makaranta. Amma sani daban, abin da zuciya ke raya wa mutum da tsakar dare daban.

Da kuɗin makarantar babbar 'yarmu ya taso, na yanke shawarar sayar da Besson. Har na samu mai saye, wata ƙungiyar coci. Na goge shi na sa a jaka. Matata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ina za ka da shi?" Na gaya mata. Ta ce, "In ka sayar, ka gama yarda ke nan." Na ce ai na yarda. Ta ce, "Ni ban yarda ba." Washegari ta buɗe akwatinta ta ɗebi atamfofin Holan da ta tara tun na aure, waɗanda ba a ko ɗinka ba, ta kai kasuwa. Mun yi kwanaki ba na iya haɗa ido da ita. Fushi nake ji ko kunya, har yau ban rarrabe ba.

Ana nan aka kawo sababbin ɗauka, aka ba wani yaro ɗan Bolga tuba saboda yana da jiki, kamar yadda aka yi mini. Ba mai koya masa. Yakan zo sito ya sa hannu ya ɗauka, ya zauna bayan ginin yana fitar da wani sauti mai ban tausayi. Rannan na kasa daurewa na fita. Da can in zan gyara wa yaro, karɓar ƙahon nake yi in busa in ce, "Yi haka." Shi ke nan koyarwata, kuma haka aka koya mini. Na miƙa hannu zan karɓa, sai na tuna. Na tsaya riƙe da ƙaho, yaro na kallona, ni kuma ba ni da kalma ko ɗaya da zan gaya masa. Shekara talatin ina yin abu, ashe ban san yadda nake yinsa ba.

Daren nan mahaifina ya faɗo mini a rai. Shi in yana koyar da karatu ba ya cewa "faɗi kamar yadda na faɗa" ya tsaya nan. Sai ya gaya wa yaro daga ina harafin ke fitowa: wannan daga ƙasan maƙoshi, wannan daga tsakiyarsa, wannan gefen harshe ne ke taɓa turame, wannan leɓe biyu ne ke haɗuwa. Yakan sa yaro ya ɗora yatsa a wuyansa ya ji inda sautin ke motsi. Na zauna da littafin sito na juya bayansa, na fara rubuta wa busa nata mafitan. Ina harshe yake kwanciya in ana neman sautin ƙasa. Yaya haƙora ke buɗewa. Wace tsoka ce ke riƙe kusurwar baki, wacce ce dole a sake ta. Abin mamaki, ciwon ne ya nuna mini su, domin duk tsokar da ta mutu a dama ina jin 'yar'uwarta tana aiki a hagu, ɗaya bayan ɗaya.

Na gane cewa yawancin yara matse leɓe suke yi suna tura iska da ƙarfi, alhali tuba iska mai yawa take so, mai ɗumi, marar matsi, irin wadda mutum ke hura wa madubi in zai goge. Na sa yaron ya ajiye ƙahon mako guda. Ya riƙa manna takarda a bango da numfashi kaɗai. Ya riƙa shaƙar iska ta guntun bututun ruwa don maƙogwaro ya saba buɗewa. Ya rera layinsa da baki, do re mi, kafin ya taɓa bawul, domin wanda bai ji sauti a kansa ba ba zai same shi a ƙarfe ba. Na bayyana masa abin da ni ba a taɓa bayyana mini ba, cewa kowane bawul ƙarin bututu yake buɗewa: na biyu ya sauke sauti rabin mataki, na farko mataki ɗaya, na uku ɗaya da rabi. Kafin damina ta ƙare banmasta ya leƙo sito ya ce, "Saje, me ka yi wa yaron nan?" Daga nan aka riƙa turo mini su, har da masu turambon.

Ita fuskar a hankali ta dawo. Wata rana ina aske gemu na ga kusurwar baki ta ɗan motsa, kamar ƙiftawar ido. Masu gashin ƙashi da motsa jiki a asibiti suka koya mini atisaye gaban madubi, a hankali, ba da ƙarfi ba. Sautin farko da na samu a tuba bayan ciwon mummuna ne ƙwarai, amma na sauka na yi sujada. Sai dai ban shiga cikin bakwai ɗin nan ba. Jijiyar da ta sake tsirowa wasu rassanta sun ɓata hanya. Har yau in na tsuke baki idon dama sai ya kanne, in ina cin abinci ya riƙa hawaye. Na matsar da kofin ƙahon zuwa hagu kaɗan, inda ƙarfi yake, na sake koyon komai daga farko ina da shekara arba'in da biyar. Tuba ta karɓe ni, domin kofinta babba ne, sautukanta na ƙasa ne, tana yafiya. Yufo bai karɓe ni ba. Sautukan sama da aka san ni da su suna buƙatar kusurwar baki ta riƙe gam, tawa kuwa minti kaɗan take yi iska ta fara tsiyaya. Na gwada komawa wata jana'iza da shi, a tsakiyar waƙa sautin ya tsage, wani yaro mai tirampet ya ɗauke ta ya ƙarasa. Ban sake ba.

Na bar aiki da kaina a 2018 na koma koyarwa a makarantun sakandare biyu masu ƙungiyar fareti. Da korona ta zo a Maris na 2020 aka hana taro, aka taƙaita jana'iza ga mutum 25, aka rufe makarantu, sai duk 'yan busa na Akra suka ɗanɗani abin da na ɗanɗana, bakinsu lafiya amma ba inda za su kai shi. Wasu da suka manta da ni suka tuna lambata. Na koyar ta WhatsApp, yaro ya turo sautinsa in saurara in mayar masa da bayani, abin da da can ba zan iya ba ko an ɗora mini bindiga.

Yanzu ranar Asabar, wadda da ta makoki ce, ina tara yaran zango a wani aji da aka ara mana. Iyaye kan zo da tambaya iri biyu. Ta farko, halal ne ko haram. Nakan ce, "Alhaji, ni ba malami ba ne, malamai kuma sun yi saɓani. Ka tambayi wanda ka amince da shi, in ya hana, ka riƙe ɗanka, ba zan ji haushi ba." Wasu sun riƙe, kuma muna gaisawa. Abin da na yi alkawari shi ne ana kiran salla muke ajiye ƙaho, kuma ba na kai ɗan kowa makoki. Ta biyu, akwai abinci a ciki? Nan ba na ɓoye komai. Ƙungiyar kiɗan ƙasa da aka kafa a 1959 zamanin Nkrumah, kamar kowace irinta a duniya, mai tuba ɗaya take buƙata, mai yufo kuwa sai jefi-jefi. Aikin yana wurin soja da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan gidan yari da na shige da fice, sai koyarwa ga wanda ya yi karatun kiɗa a jami'ar Winneba ko ta Legon. Shi ya sa duk yaron da ya zo wurina dole ya iya karanta rubutun kiɗa, ya iya kwance bawul ya gyara, kuma tun yana shekarar farko nake sa shi ya koya wa na bayansa da baki, hannunsa a aljihu. Suna ƙorafi a kan wannan, suna cewa Masta ya cika wahalarwa.

Besson ɗin yanzu a hannun wata yarinya yake, 'yar Mamobi, mai hijabi har gwiwa. Mahaifinta da kansa ya kawo ta, ya ce ta dame shi, amma da sharaɗin ƙaninta ya riƙa rako ta. Ƙanin ya gaji da zaman banza ya ɗauki ganga. Tana samun sautukan da ni na rasa, kuma in ta yi kuskure nakan ji shi tun kafin ya fito, daga yadda take ɗaukar numfashi.

Matsalarmu kayan aiki. Tuba ɗaya muke da ita ga yara da yawa, kowa da nasa kofin da muke wankewa da ruwan zafi, ita ma ta fara yoyo a gindin bututu na uku. Sabuwa ta fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Akwai wani mai gyaran lagireto a Abossey Okai da ya iya like tagulla da dalma ba tare da ya ƙona ta ba, shi ke yi mana. Ya ce in kawo ta ranar Litinin da sassafe, kafin masu motoci su cika masa rumfa.